Me ya sa ake ba yaro madara kaɗan yana kan na'urar numfashi?

'Yar'uwa daga Garwa, Allah ya ba ɗanki lafiya. Kin ce yana kan na'urar numfashi, madara kaɗan ake zuba masa ta tiyon hanci, kina tsoron yunwa.

Ba rowa ba ce. Yaron da aka ba maganin barci, na'ura na yi masa numfashi, ba ya ƙona kuzari kamar mai guje-guje a tsakar gida. In aka cika masa abinci, musamman sukari, jiki zai samar da iskar kabon dayoksaid da yawa, wato gurɓatacciyar iskar da huhu ke fitarwa, sai cire shi daga na'urar ya yi wuya. In kuma aka rage ƙwarai, tsokarsa ta zube, har da ta numfashi.

Inda akwai kayan aiki, ana auna iskar oksijin da yake sha da kabon da yake fitarwa, a san buƙatarsa daidai. A yawancin asibitocinmu kuwa lissafi ake yi da nauyinsa da shekarunsa. Furotin, wato sinadarin gina jiki, ana ba shi aƙalla giram 1.5 kan kowane kilo na nauyinsa a rana.

In yana da tamowa tun farko, ki sanar da likita, don shi a hankali ake ƙara masa. Kuma don Allah kada ki zuba masa kunu a ɓoye, yana iya shiga huhu.