Tambaya da Amsa: Kamfanin Ya Rufe, Ina Zan Samo Kayan Gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Minnesota ta Amurka, nakan ɗan taɓa farautar barewa idan lokacinta ya zo. A wani gwanjon kayan gida na sayi tsohon injin sake ɗura harsashi, an rubuta Herter's Super Model 3 a jikinsa. Hannunsa na tafiya lafiya lau, amma mariƙin kwanso (ɗan ƙarfen da ke riƙe gindin kwanson harsashi) ɗaya tak ya zo da shi, kuma ba na bindigata ba ne. Ɗan hannun da ke saka firaima, wato 'yar hular da ke kunna albarushi a gindin kwanso, ma babu. Na sayo sabon mariƙi a shago, ya ƙi shiga. An ce kamfanin ya daɗe da rufewa. In jefar ne, ko akwai dabara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka jefar. Injin nan ɗan jiharku ne ma, don a garin Waseca kamfanin Herter's yake, yana sayar da kayan farauta da na kamun kifi ta gidan waya, har ya karye a 1981. Ƙarfen zubi ne mai kauri, idan bai tsage ba, zai ga jikokinka.

Abin da ke ba mutane wahala shi ne suna neman kaya da sunan kamfani, alhali da awo ya kamata a nema. Fara da ramin da ke saman injin, inda ake ɗaura dayis, wato bututun ƙarfen nan mai tiredi da ke mayar da kwanso girmansa na asali. Faɗin ramin inci 7/8 ne, da tiredi 14 a kowane inci. Wannan awon kusan kowa ke bi har gobe, saboda haka dayis ɗin Lee ko Hornady ko Redding da za ka saya yau zai ɗauru a injinka ba gardama. Rabin damuwarka ke nan ta kau.

Mariƙin ne Herter's suka yi wa nasu salo. Na zamani zura shi ake yi ta gefe a kan sandar da ke hawa da sauka, wani ɗan sifirin, wato lanƙwasasshiyar waya mai ɗamewa, ya kama shi. Nasu kuwa ƙaramin sukuru ne ke danne shi, gindinsa ma siffarsa daban. Shi ya sa naka ya ƙi shiga. Kana iya bin gwanjo kana tsintar na asali ɗaya bayan ɗaya, amma ban ba ka wannan shawara ba, domin lambobin da suka buga wa nasu ba su dace da na sauran kamfanoni ba, sai ka sayi uku kafin ka dace da ɗaya. Nemi adafta. Ɗan guntun ƙarfe ne, ƙasansa irin na Herter's, samansa kuma yana karɓar mariƙin zamani. Kamfanin CH4D na garin Mount Vernon a jihar Ohio ya yi suna wajen irin waɗannan ƙananan kaya na tsofaffin injuna, fara tambayarsu. Idan ka ɗaura shi, tsayin sandar zai ɗan ƙaru, don haka ka sake saita dayis ɗinka daga farko.

Kafin ka kwance tsohon mariƙin, ɗiga wa sukurun man kwance tsatsa ka bar shi ya kwana. Sukurun inci ne, ba na milimita ba. Idan ka cusa masa makullin da bai dace ba ka cinye kansa, aikin minti biyar ya koma na mai injin sassaƙa ƙarfe.

Hannun firaima kuwa, ni dai da zan haƙura da shi. Shi ne abin da ya fi ɓacewa a tsofaffin injuna, don haka masu shi ke tsuga masa kuɗi, kuma ko ka samu, ba lalle ya daidaita da adaftar ba. Sayi abin saka firaima na hannu, irin wanda ake matsawa da yatsu. Ya fi arha, kuma hannunka zai ji lokacin da firaimar ta zauna daram.

Ga sauran masu karatu da ke da wasu tsofaffin injunan: kafin ku ce kamfani ya mutu, ku binciki wanda ya gaje shi. Hornady ta sayi Pacific a 1971. Forster ce ke ci gaba da ƙera injin Co-Ax na kamfanin Bonanza. Lyman ta karɓi kayan Ideal tun 1925. RCBS, wadda Fred Huntington ya kafa a Oroville ta California a 1943, ta sha canza hannu amma tana nan da ranta. Ku ɗauki hoton injin da na gurbin abin da ya ɓace, ku auna da kalifa, wato ma'aunin faɗi da kauri, sannan ku kira su. Wani lokaci wani ɗan fin ko sifirin bai canza ba tun zamanin kakanni, sunansa kawai aka sauya.

Tambaya: Malam, surukina ya bar mini injin Lyman Tru-Line Junior. Dayis ɗin da na saya ya yi wa raminsa girma.

Amsa: Ba kuskuren mai shago ba ne. Wannan injin ƙaramin dayis yake ci, irin na Lyman 310, ɗan abin ɗura na hannu mai kama da filaya. Faɗinsa wajen inci 5/8 ne, tiredinsa 30 a inci. Ka nemi dayis na 310 a wurin masu tsofaffin kaya, ka tabbata saitin ya cika kafin ka biya. Kada ka bari wani ya ce zai faɗaɗa maka ramin. Injin ba shi da ƙarfin matse dogon kwanso tun daga wuya har gindi, wuyan kawai aka yi shi ya gyara.

Tambaya: Na samu tsohon sikelin auna albarushi, RCBS 5-0-5, amma ba tasarsa. Haka kuma injina ya ɗan tsage kusa da inda hannu ke juyawa. Mai walda ya ce zai like shi. Ya kake gani, Malam?

Amsa: A nan ne zan ɗaure fuska, ɗan'uwa. Tsagewar ƙarfen zubi a inda duk nauyin matsi ke sauka ba abin likewa ba ne. Waldar irin wannan ƙarfe sai an gasa shi tukun, a bar shi ya huce a hankali, kuma ko an yi hakan yakan karkace kaɗan. Da zarar sandar ta daina fuskantar dayis ɗin sak, kwansonka zai riƙa fitowa a karkace. Cire hannun da finafinan da sukurorin ka ajiye, za su yi wa wani amfani, ka nemi wani jikin.

Sikelin kuma kamfanin Ohaus ne ya ƙera wa RCBS shi, saboda haka samun tasa mai irin siffarsa ba zai yi wuya ba. Sai dai ba ɗorawa kawai ake yi a ci gaba ba. Tasar da maratayinta tare aka daidaita nauyinsu tun a masana'anta. Idan ka kwance ɗan kofin da ke ƙarƙashin maratayin za ka ga ƙananan ƙwayoyin ƙarfe a ciki, da su ake ƙara nauyi ko a rage har allurar ta tsaya a sifiri. Ka ajiye sikelin a shimfiɗaɗɗen wuri, ka daidaita da su. Goge bakin wuƙar da sandar awon ke lilo a kai, da ɗan dutsen da take zama a ciki, da auduga da barasar goge-goge, amma kada ka sa mai, ƙura yake tarawa.

Tsayuwa a sifiri ba ta isa shaida ba. Wannan sikeli yana auna har kashi ɗaya cikin goma na giren, giren 7,000 kuma su ne laba ɗaya, ka ga ido ba zai gane kuskurensa ba. Sayi duwatsun gwajin sikeli, ka gwada ƙarami da matsakaici da babba. Idan ya saɓa ko a ɗaya, kada ka auna albarushi da shi. Idan akwai tsohon littafin da ya zo tare da kayan, yi amfani da zanensa wajen gane sunan kowane ƙarfe, amma adadin albarushi ka ɗauko daga sabon bugu na kamfanin da ya yi albarushin da ke hannunka.