Gidanmu na gado nake son gyarawa, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Dan Allah shawara nake nema. Gidanmu na gado ne a Jekadafari nan cikin Gombe, ginin bulo ne tun na marigayi Baba, ɗaki huɗu da zaure, rufin kwano. Na ɗan tara kuɗi kamar miliyan 4, so nake in fasa bangon da ke tsakanin ɗaki biyu ya zama falo babba, in yi wa Hajiya banɗaki a cikin ɗakinta saboda ƙafa ta fara damunta, sai a sa tayil da silin POP. Amma fa bangon baya yana jiƙewa da damina har fenti na ɓarewa. Birkila ya ce in kawo kuɗin siminti kawai a fara ranar Asabar. Ya kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Hajiya lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri da ka tuna da ƙafarta.

Ka ce wa birkilan nan ya dakata tukuna, Asabar ɗin nan kar a taɓa komai. Ba zarginsa nake ba, shi guduma ce a hannunsa, in ka ce fasa zai fasa, lissafin abin da zai biyo baya kuwa naka ne.

Kafin ma mu shiga maganar gini, an raba gadon kuwa? In ba a raba ba toh ka zauna da 'yan uwanka da Hajiya a rubuta a takarda da shaidu cewa kuɗin nan da za ka zuba kyauta ce ko bashi ne a kan gida, don ranar da aka zo rabo ba wanda zai tuna nawa ka sayi buhun siminti. Wannan ba fannina ba ne, amma na ga zumunci ya lalace a kansa shi ya sa na faɗa.

A duk abin da ka lissafo, wanda ka sa a ƙarshe kamar ba komai ba, wato jiƙewar bangon baya, shi ne aikinka na farko. Ruwa ta hanya uku yake shiga bango: ta sama in kwano na yoyo ko bakinsa gajere ne ruwa na zuba a jikin gini, ta gefe in kwata ko ruwan maƙwabci na kwanciya a gindin bangon, sai kuma ta ƙasa, danshi ya riƙa hawowa daga harsashi. Ka je ka duba da idonka. In jiƙewar daga ƙasa ta faro ta tsaya wajen gwiwa ko ƙugu, kuma kana ganin wani farin gari kamar kanwa a jiki, filasta na marmashewa in ka sa farce, toh daga ƙasa ne. Yawancin tsofaffin gidajenmu ba a shimfiɗa musu leda ko wani abin tare danshi a kan harsashi ba, ga shi kuma a tsofaffin unguwanni shekara da shekaru ana ta ciko a lungu har waje ya fi cikin ɗaki tudu, kaga ai ruwa ya samu wurin kwana.

Abin da mutane ke yi, kuma shi na fi tsana, sai su manna tayil a jikin bangon su ce an yi magani. An dai rufe ido ne kawai, danshin bai samu hanyar fita ba sai ya haura sama da tayil ɗin, bayan damina biyu ka ji yana ƙara kamar ganga in ka ƙwanƙwasa, daga nan sai zubowa. Gyaran gaskiya shi ne a fara kore ruwan daga waje, a gyara kwata, a zuba kankare mai ɗan gangare a gindin bangon yadda ruwa zai gudu, a kankare ruɓaɓɓiyar filastar har ta wuce inda danshin ya tsaya, a bar bulo ya sha iska ya bushe sosai, sannan a sake shafe da siminti mai haɗin maganin ruwa. Kuma ka san Gombe da gangare, ruwan Agusta in ya taho da ƙarfi yake zuwa, ka lura ina zai bi in ka kore shi, kar ka juye wa maƙwabci ku kwana gaban mai unguwa.

Daga nan sai kafinta ya hau cikin silin, kai ma in za ka iya ka leƙa da tocila. Abu biyu za ku duba. Na ɗaya lafiyar katako, ko gara ta ci, da inda haske ke shigowa ta ramin ƙusa. Na biyu, kuma shi ne amsar maganar falonka, ku ga ko katakon rufin a kan bangon nan na tsakiya ya zauna. Kar wani ya ce maka ai bulo mai inci 6 ne ba ya ɗauke da komai, na sha ganin mai inci 6 yana riƙe da rabin rufin gida. In ya ɗauki nauyi ba a cewa ba zai fasu ba, zai fasu, sai dai a fara tokare rufin, a zuba fila gefe da gefe, a ɗora musu bim na kankare da rodi a kwance wanda zai ɗauki nauyin rufin, kuma girman rodin injiniya ne zai faɗa bayan ya auna faɗin wurin, ba a yinsa da ka. Kankare sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, saboda haka kar a yi gaggawar cire tokaren don ana son a ga falo ya buɗe. Akwai wani gida da aka taɓa kirana a Bolari, an fasa bango da safe, kafin la'asar rufin ya lotsa a tsakiya ƙofofin ɗakuna sun ƙi rufuwa, Allah dai ya tsare ba kowa a ciki.

In silin ɗin na da ne irin na asbesto, a yayyafa masa ruwa a cire shi fale-fale, kar a farfasa shi a bushe, ƙurarsa na illa ga huhu, yara da Hajiya su yi nisa ranar.

Banɗakin Hajiya kuwa ni da shi zan fara bayan an gama da ruwa, ya riga falo. A yi shi jikin bangon waje yadda fayif mai inci 4 zai fita kai tsaye da ɗan gangare ba tare da kwana-kwana ba, a sa masa ƙaramar taga da fayif ɗin fitar da wari. Daɓensa ya ɗan yi ƙasa da na ɗaki kaɗan don kar ruwa ya dawo, amma banda babban dokin ƙofa da za ta riƙa ɗaga ƙafa. Tayil ɗin ƙasa mai kaushi za ka saya, mai sheƙin nan in ya haɗu da sabulu tarko ne ga tsoho, a kafa mata ƙarfen riƙewa a bango, masai kuma na zama, sannan ka tuna wa falamba, wato mai haɗa fayif, maganar alƙibla tun kafin ya kafa, don sukan manta. In akwai rijiya a gidan, sokawe, wato ramin da ruwan banɗaki ke zuba, ya yi nesa da ita, mita 15 shi ne mafi ƙaranci, in fili ya ba da 30 ya fi. Kafin a rufe fayif da siminti a sake ruwa a gani ko akwai yoyo.

Haka wayarin, duk abin da zai shiga cikin bango a gama shi kafin filasta: waya mai 1.5 ta ƙwan fitila, 2.5 ta soket, mai 4 in za a sa hita ko AC, kuma ka bar fayif ɗaya ba komai a ciki saboda ranar da za ka sa sola. POP da fenti su ne ƙarshe. Ni da za ka ji tawa ma ka bar POP ɗin sai rufin ya ga damina ɗaya ba ɗigo, don ɗigo ɗaya ya isa ya zana maka taswira a silin.

Maganar kuɗi, ba zan ce maka miliyan 4 za ta isa ko ba za ta isa ba alhali ba a auna komai ba, kuma farashi ba ya zama wuri ɗaya, ka tuna farkon 2024 da buhun siminti ya tsallake dubu 10 bayan a 2023 ana sayensa wajen dubu 5, mu da kamfanin simintin Ashaka ke jiharmu ma ba mu tsira ba. Abin yi, ka sa a rubuta maka kowane aiki daban, kaya daban kuɗin hannu daban, ka ji bakin mutum biyu ko uku. Ka cire kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ka ajiye kamar ba naka ba, tsohon gida sai an buɗe shi yake faɗin ciwonsa. Rodi da kwano da tayil za ka iya saya ka ajiye, tayil ma ka ƙara kashi 10 a kan awo kuma a tashi ɗaya, don in ka koma kasuwa launin ba lallai ya zo daidai ba. Siminti kuwa ba a tara shi, in ya wuce wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa, ka riƙa saye daidai aikin sati biyu kana ɗorawa a kan katako. Masu aiki ku yi jinga mataki-mataki, kafin alƙalami kaɗan, sauran sai ka ga aiki, in ka biya duka a farko toh ka shirya jin an tafi ta'aziyya ƙauye.

Lokacin da ya fi shi ne bayan ɗaukewar ruwa, Oktoba zuwa Nuwamba, rufi kuma lallai a gama shi kafin Mayu. Sai dai iskar hunturu na busar da filasta da wuri ta tsattsage, dole a riƙa ba ta ruwa safe da yamma har kwana 7, kuma ka san halin ruwa a garin nan, kuɗin tanka ko 'yan garuwa ka sa shi a lissafi tun yanzu. In gyaran zai taɓa gaban gida ta bakin titi ko ka yi tunanin ɗora bene nan gaba, ka bi ta hukumar tsara birni tukuna. Hajiya kuma a mayar da ita ɗakin da ya fi nisa da ƙura, a gama nata ɓangaren ta koma, sannan a waiwayi bangon falo.