Hukuncin Koya wa Ɗaliban Lise Zama da Naƙasassu, da Batun Ɗaure Ido da Kwaikwayon Ɗingishi

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni malamin lise ne, wato babbar makarantar sakandare, a nan cikin garin Maraɗi. Bana muna da yaro makaho, da yarinya mai keken guragu, da wani mai farfaɗiya wanda yara ke gudun zama benci ɗaya da shi. Shugaban makaranta ya ɗora mini shirya darasi a kan zama da naƙasassu. Wani abokin aiki ya ce a ɗaure wa ɗalibai ido, wasu kuma su yi ɗingishi a tsakar makaranta, don su ɗanɗana abin da ake ji. Wasu iyaye sun ce wannan aikin ƙungiyoyin Turawa ne, ita kuwa naƙasa ƙaddara ce. Mene ne hukuncin darasin? Kuma cewa da mutum makaho ko gurgu giba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya yi wa aikinka albarka.

Asalin wannan darasi mustahabbi ne. Amma a makarantar da ake gudun yaro saboda ciwonsa, ko ake yi masa dariya, ya zama wajibi a kan masu iko da makarantar gwargwadon abin da zai kawar da cutarwar. Neman ilimi farilla ne a kan makaho kamar yadda yake a kan mai gani, kuma ƙa'ida ce sananniya wajen malaman usulu cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Yaron da tsokana ta kora gida an hana shi farillarsa.

Iyayen da ke ganin abin baƙo ne, a karanta musu farkon Suratu Abasa. Allah ya yi wa mafificin halitta (SAW) gyara saboda ya juya daga Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho da ya zo neman ilimi, ya fuskanci manyan Ƙuraishawa. Wannan sahabi ya zama ladani tare da Bilal, kuma Annabi (SAW) ya sha barin Madina a hannunsa idan zai fita. Aɗa'u ɗan Abi Rabah, muftin Makka a zamanin tabi'ai, gurgu ne, daga baya ya makance. Ƙasarmu Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, gaskiya ne, sai dai wahayi ya riga ta da ƙarni goma sha huɗu. Batun ƙaddara kuwa, mun yi imani da ita, amma ba hujjar naɗe hannu ba ce. Da Sayyidina Umar ya juya daga Sham saboda annoba cewa ya yi, daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Sanƙarau da ke zuwa mana lokacin zafi yana barin kurumta, ƙyanda tana iya taɓa ido, shan-inna tana shanye ƙafa, kuma dukansu suna da allurar rigakafi. Faɗa wa ɗalibai wannan yana cikin darasin.

Kiran mutum makaho ko gurgu ya danganta da manufa. Idan don a gane shi ne, babu wata hanya, kuma ba ya jin haushi, ya halatta. Malaman hadisi sun san maruwaita irin su Al-A'amash (mai raunin gani) da Al-A'araj (gurgu) da waɗannan laƙubban. Idan don wulaƙanci ne, haramun ne da nassin aya ta 11 a Suratul Hujurat, wadda ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙubba. A aji babu uzurin ganewa, domin kowane ɗalibi sunansa na cikin rajista. A kira shi da sunan yankansa.

Shawarar abokin aikinka ita ce wurin da ya fi buƙatar tsayawa. Kwaikwayon tafiyar wani sananne ko maganarsa haramun ne, ko da an ce darasi ne. Nana A'isha ta taɓa kwaikwayon wani mutum a gaban Annabi (SAW), sai ya nuna mata ba ya son ya kwaikwayi kowa ko da za a ba shi abu kaza da kaza. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito. A makarantar da ke da gurguwa ɗaya, duk wanda ya yi ɗingishi a tsakar fili kowa ya san da wa ake, kuma ƴan shekara sha shida ba za su riƙe dariya ba. Wannan a bar shi ɗungurungum.

Ɗaure ido ba haramun ba ne a asalinsa, amma ba mu ba da shawarar a yi shi yadda aka saba ba. Wanda aka rufe wa ido minti goma tsoro da tuntuɓe kawai yake koya, sai ya fita da tunanin cewa makaho ba ya iya komai, alhali makahon ya shekara goma yana sarrafa sandarsa da kunnensa, ya san hanyar gida fiye da ɗan rakiyarsa. Abin da zai fito daga nan tausayi ne irin na bara, wanda ke sa a miƙa dala a wuce. Idan za a yi, a mayar da shi koyon jagora: bibbiyu, maza da maza, mata da mata. Jagora ya fara sallama ya faɗi sunansa, ya tambaya ko ana son taimako. Makaho ne ke riƙe hannun jagora, sama da gwiwar hannu kaɗan, jagora yana gaba da rabin taki. A dakata kafin matakala a ce hawa ne ko sauka. Wajen zama a ɗora hannunsa a kan bencin, shi zai zauna da kansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne jan sanda, ko tura mutum ta baya, ko a tafi a bar shi yana magana shi kaɗai ba a ce an tafi ba. Kalmar "can" da "nan" ba ta da amfani gare shi. A ce dama ko hagu, taki nawa. Shi ma malami ya riƙa furta duk abin da yake rubutawa a allo.

Mai farfaɗiya shi ya fi gaggawa. A faɗa wa ɗalibai ƙarara: ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba a ɗaukarsa ta yawu, ko taɓawa, ko cin abinci kwano ɗaya, kuma magani yana tsayar da faɗuwar ga mafi yawan masu shan sa a kan kari. Matar da ke faɗuwa ta zo wurin Annabi (SAW), bai kore ta ba. Ya yi mata bushara da Aljanna a kan haƙurinta, ya kuma roƙa mata kada jikinta ya riƙa buɗewa. Daga nan muke ɗaukar wajabcin suturta yaron. Idan ya faɗi, a janye benci da duk abu mai kaifi, a sa riga ko jaka mai taushi ƙarƙashin kansa, a duba agogo. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, domin yana iya shaƙewa. Da fizgar ta lafa a kwantar da shi ta gefe, a rufe shi da zane, a kori ƴan kallo. Idan ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, sai asibiti. Wanda ya ɗauki hotonsa da waya a wannan hali ya yaɗa, ya aikata haramun, kuma ya cancanci horon makaranta.

Yarinya mai keke, a ɗauki kekenta kamar jikinta: ba a jingina da shi, ba a tura shi sai da izininta. Mafi amfanin aikin da za ka ba ɗalibai shi ne su ɗauki ma'auni su zagaya makarantar. Ƙofa tana buƙatar faɗin santimita 90. Gangaren hawa kuwa, kowane santimita 10 na tudu yana son santimita 120 na tsawo, wato dakali mai santimita 30 sai gangaren mita 3 da santimita 60. Magina sukan gajarta shi don tsimin siminti, sai keke ya riƙa komawa da baya, ko su goge shi sumul ya yi santsi da damina. Sau da yawa kuma gangaren yana ƙarewa cikin rairayi, inda taya ke nutsewa. A zuba marmara a daɓe har bakin aji da makewayi. A duba makewayin da kyau, domin yarinyar da ba ta iya shigarsa za ta daina shan ruwa, daga baya ta daina zuwa.

Sharaɗi ɗaya ba a ɗaga shi: kada a tsayar da ɗayan yaran nan uku gaban aji a matsayin abin misali. Ka gana da kowannensu a keɓe, tare da waliyyinsa, kafin ranar darasi, ka tambayi abin da ya yarda a faɗa. Idan ana son mai magana da bakinsa, a gayyato babba daga cikin naƙasassun gari, mai sana'a ko mahaddacin Alƙur'ani, wanda ya yarda da kansa.

Addu'ar da Tirmizi ya ruwaito ta ganin wanda aka jarraba, a koya wa ɗalibai ita tare da ladabinta: malamai, cikinsu har Imam Nawawi, sun ce a yi ta a asirce yadda mai ciwon ba zai ji ba, don kada a ƙona masa rai. Ɗaga murya da ita a gaban ɗan ajinku cutarwa ce, a hana ta kamar yadda ake hana laƙabi.

Wallahu a'alam.