Amsa ga ɗan'uwa tela mai ciwon ƙugu da wuya

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kana wuni kan keken ɗinki a Tsohuwar Kasuwa, ƙugu da wuya suna hana ka barci, kana tambaya ko ka sayi bel ɗin ɗaure ƙugu. Allah ya ba ka lafiya.

Bel zai ɗan sassauta maka, amma bai taɓa tushen matsalar ba. Kan babban mutum ya kai nauyin kilo 5, kuma duk lokacin da ka sunkuyar da shi kana bin allura, tsokokin wuya da kafaɗa ne ke ta faman riƙe shi tun safe har magariba. Ga benci ba majingina, baya ya lanƙwashe.

Nemi kujera mai majingina, ka naɗe ƙaramin tawul ka cusa daidai ramin ƙugunka, ka matso jikin keke sosai. Ka ƙara fitila kusa da allura, don duhun shago na cikin abin da ke jawo sunkuyon nan. Abin da na fi so ka riƙe shi ne tashi: duk minti 30 ka miƙe, ka dafa ƙugu ka ɗan banƙare, ka juya kafaɗu baya. Ko lokacin ɗinkin sallah kar ka bari. Bayan asuba kuma ka taka da ƙafa kafin ranar Sakkwato ta buɗe.

Amma in ciwon na sauka ƙafa da sanyin jiki, ko fitsari na kuɓuce maka, ko zazzaɓi da rama, kar ka tsaya shan ƙwaya, ka je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a duba ka da gaggawa.