Gishirin Tankin Kifi Yana Cinye Mini Kayan Lantarki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata takwas ke nan da na kafa tankin kifin teku mai cin lita 200 a falo, dab da talabijin da kwamfuta. Yanzu wani farin gari ya lulluɓe bayan talabijin, ƙusoshin tebur sun yi tsatsa, kwamfutar ma ta fara ɗaukewa da kanta. Tururin ruwan ne ke kawo gishirin? Ko in haƙura da kiwon?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka rabu da kifinka, kuma ka daina zargin tururi, ba nan gizo ke saƙa ba. Idan ruwa ya ƙafe, a tanki yake barin gishirinsa, shi ya sa da ruwa zalla ake cike abin da ya ragu. Feshi ne ke yi maka ɓarna. Duk kumfar da ta fashe a saman ruwa sai ta cilla ɗigo ƙanana da ido ba ya gani, iska ta kwashe su, su bushe a inda suka sauka. Ruwan irin wannan tanki yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, to ka lissafa na wata takwas.

Abin takaicin, gishirin ba ya zama a bushe. Yakan zuƙi danshin iska ya koma ruwa, musamman idan danshin ɗaki ya kai kashi 75 cikin ɗari, kuma ruwan gishiri yana ɗaukar wutar lantarki, yana cin tagulla. Fankar kwamfutarka kuwa aikinta jawo iska, kullum cusa wa kanta gishirin take yi.

Yau da dare ka kashe fitilar falo, ka haska tocila a saman ruwan daga gefe, za ka ga inda feshin ke tashi. Yawanci dutsen kumfa ne, wato ɗan dutsen da ke fitar da kumfar iska a cikin ruwan, ko bakin famfon da ke zubo ruwa daga sama. Cire dutsen, ka nutsar da bakin famfon, ya riƙa motsa saman ruwa ba tare da fantsama ba. Sa murfin gilashi, amma ka bar kafa ta baya. In ka toshe ruf, zafi zai taru, kifin ya rasa iska.

Kwamfutar ta bar wurin, ta koma wani ɗakin in da hali. Soket kuma ka ɗaga shi sama da tanki, a gefe. Kowace waya ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau zuwa soket, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi a ƙasa. Ni sai da na ji ƙaurin roba cikin dare, na tarar da soket ɗina ya yi baƙi ƙirin a gindin tanki, kafin na koyi wannan. Ka sa mai gyaran wuta ya ɗaura maka makunnin da ke katse wuta da kansa idan ta zurare.

Duk mako ka zare fulogi, ka goge bayan kayan da tsumma mai ɗan danshin ruwa zalla, su bushe kafin ka kunna. Cikin kwamfutar kuwa, kai wa mai gyara ya wanke da sifirit. Man feshin maganin tsatsa kada ya kusanci tankin, yana iya kashe maka kifi da murjani. Ƙusoshin nan ka canza su da na roba, ko na ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316.