Wankin ƙoda ta ciki a gida: za mu iya rage wa Baba zuwa sau 3?

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce shi sau 4 yake canza ruwan wankin ƙoda (wanda ake zuba masa a ciki ta roba) a rana, wani kuma da kuka haɗu a asibiti sau 3, shi ne kike so ku rage.

Don Allah kar ku rage da kanku. Kowa da nasa tsarin, likita yana duba nauyin mutum, sauran fitsarin da yake yi, da yadda tantanin cikinsa ke tace datti, wani ma jakar ruwa mai sukari 1.5% ta ishe shi, wani sai 2.5% in ƙafa ta kumbura. In gajiya ce matsalar ku faɗa wa nas ɗin, ana iya gyara lokutan su dace da barcinsa da sallolinsa.

Ku dinga rubuta nauyinsa da awon jini kullum da safe, da yawan ruwan da ya fito. Kafin a haɗa robar da jakar a wanke hannu, a sa takunkumi, a kashe fanka. Banda Diclofenac da jiƙe-jiƙe, suna ƙarasa ragowar ƙodar.

Ruwan da ya fito kuwa in ya yi gurɓi-gurɓi, ko ciwon ciki ko zazzaɓi, asibiti a ranar, ku tafi da jakar.