Tabarmar Kunya Da Hauka Ake Naɗe Ta: Amsar Wasiƙu Biyu

Wasiƙu biyu suka zo min a satin nan, masu su ba su san juna ba amma duk abu ɗaya suke zagayawa. Ta farko daga wata baiwar Allah ce, ta ce ƴan fashi sun tare yayanta shekara biyu da suka wuce, sun wulaƙanta shi a gaban iyalinsa, tun daga ranar ya koma mafaɗaci, baya barci, ko a mota aka bi ta hanyar sai gumi ya karyo masa, kuma in aka ɗauko zancen sai ya hau mutane da masifa. Wata dattijuwa ta ce mata ai tabarmar kunya ce yake naɗewa da hauka, shi ne take tambaya, Malam me karin maganar nan ke nufi, kuma kunyar me zai ji tunda shi aka zalunta?

To ƴar'uwa, asalin maganar, wanda aka kama shi da abin kunya maimakon ya sunkuyar da kai sai ya tada borin faɗa don hankalin mutane ya koma kan rigimar a manta da abin da ya yi. Yawanci da sigar zargi ake faɗinta. Amma dattijuwar nan ta hango wani abu, ko da saninta ko babu. Ki lura da yadda muke magana. Laifi yin sa ake, "na yi laifi", kai ne mai aiki. Ita kuwa kunya kama mutum take, "kunya ta kama ni", "ta lulluɓe ni", "na sha kunya", "na ji kamar ƙasa ta tsage in shige". Kin ga a nan mutum ba komai ya aikata ba, abu ne ya faɗo masa, kuma ba hannunsa ko bakinsa kaɗai ya shafa ba, shi ɗin ne dungurungum yake son ya ɓace. Shi ya sa wanda aka zalunta ma kan ji ta. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Helen Block Lewis, ta yi wannan bambancin tun 1971, cewa mai jin laifi aikinsa yake tuhuma, mai jin kunya kuwa kansa yake tuhuma. Ni dai abin da ya burge ni, nahawun Hausa ya riga ya raba su.

Abin da kika kwatanta ya yi kama da ciwon da likitoci ke kira PTSD, ni nakan ce ciwon firgicin bayan bala'i. Ni malamin harshe ne ba likita ba, likita ne zai tabbatar. A 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi a kundinta, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam, kuma shekara da shekaru tsoro aka fi kallo a matsayin tushensa, wato dai wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai a bugun 2013 aka rubuta kunya ƙarara cikin alamominsa tare da fushi da ganin laifin kai. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ma ya ware wani nau'i mai tsanani, na wanda ya daɗe cikin azaba ba mafita, inda mutum ke ganin kansa ba shi da wata daraja.

Bambancin kuwa babba ne. Mai tsoro in ya samu wanda ya yarda da shi yana iya ba da labari, a hankali tsumma ya koma tsumma. Mai kunya labarin ne ma abin gudunsa, domin a ganinsa duk wanda ya ji zai raina shi, sai ya yi gum, shirun kuma ya hana kowa ce masa ba laifinka ba ne, haka abin ke ta cin sa a ciki. Faɗan da kike gani ƙofa ce yake rufewa. Kada ki jefa masa karin maganar nan a fuska dan Allah, ƙara masa za ki yi.

Wasiƙa ta biyu wani ɗalibi ne, ya ce ai kunya abin yabo ce, hadisi ma ya ce tana daga cikin imani, to ta yaya za a ce tana sa ciwo?

Ɗana, matsalar kalma ɗaya ce muka ɗora wa kaya biyu. Larabci ya raba su, wadda hadisi ya yaba ita ce haya'u, kamun kai da ke hana mutum aikata mummuna tun kafin ya aikata. Ta tozarci kuwa suna da wasu kalmomin daban, kamar khizyu da aru. Mu duk kunya muke cewa, sai dai mu ɗan kewaya da jin nauyi ko kara a gefe guda, muzanta da ƙasƙanci a ɗaya gefen. Saboda haka yarinyar da aka yi wa fyaɗe in ta yi shiru sai a ce mai kunya ce, a yaba mata, alhali ba haya'u ke riƙe da bakinta ba, ƙasƙanci ne. Wannan gurin yana ci min rai wallahi. Kuma in ka bi nahawun, "abin kunya" wanda ya aikata shi ne mai shi, amma a bakin mutane sai ka ji an ce "abin kunya ya same ta", an ɗauke kayan daga kan mai laifi an aza wa wadda aka cuta.

Sannan akwai "da na sani", da na gudu, da na yi ihu, da na rama. Hausawa sun ce ƙeya ce, a baya take. Likitoci sun tabbatar cewa a tsananin razana jiki kan sandare da kansa, murya ta ɗauke, ƙafa ta ƙi ɗaguwa, ba shawara mutum ya yanke ba, balle a ce ragwanta ce ko yarda.

In koma kanki ƴar'uwa, na san wani zai ce ki faɗa masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gaskiya ne, amma ai ba a tsakiyar taro ake wankan ba. Ki nema masa likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara da ya san aikin, mutum ɗaya, a ɗaki, kuma ki bar shi ya zaɓi ranar.